Ba Kowane Sambatu Ne Na Aljanu Ba

Wani dattijo mai sayar da hatsi, wanda ya daɗe da hawan jini yana shan magani yau ya bari gobe, ya wayi gari yana ta zuba magana amma babu mai gane abin da yake faɗa. Muryarsa ce, kalmomin ma yawancinsu Hausa ne, sai dai a tambaye shi me zai ci ya kawo zancen da ba kai ba gindi, in an maimaita tambayar ya fusata. Hannu da ƙafa lafiya lau. Kafin azahar iyalinsa sun yanke hukunci cewa iska ce. Aka kira mai ruƙiyya, aka turara masa hayaƙi, aka riƙa ɗura masa rubutu da ƙarfin tsiya, wasu har sun fara nuna amaryarsa da yatsa. Mai kemis ɗin unguwa ya zo ya ɗaura masa ruwa, ya ƙara da allurar barci wai don ya huta. Sai da mako ya zagayo, zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya fara sarƙewa, sannan aka tuna da asibiti. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu, daura da kunne. Ciwon huhun kuwa ya samo asali ne daga abin da aka yi ta ɗura masa yana cikin magagi yana shaƙewa. Ya rayu, amma bai koma rumfarsa ba, kuma har yanzu a unguwa "wanda ya taɓu" ake ce masa.

Abin baƙin cikin shi ne wannan ciwo ba baƙo ba ne. Tun 1861 Paul Broca a birnin Faris ya bayyana wani majinyaci mai suna Leborgne, wanda ya yi shekaru yana fahimtar abin da ake faɗa masa amma kusan gaɓa ɗaya tak yake iya furtawa. Da ya mutu aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka ga lahani a gaban ɓangaren hagu. A 1874 Carl Wernicke, likita Bajamushe, ya bayyana akasin haka: harshe na gudu, fahimta ta rushe, lahanin yana can baya kusa da kunne. Irin na dattijon nan ke nan. Hali da sanin ya kamata ma suna da mazauninsu, a bayan goshi. A 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani dogon ƙarfe ya shige ta kuncin Phineas Gage, shugaban leburorin aikin layin dogo, ya fito ta tsakiyar kansa. Bai mutu ba, maganarsa da tafiyarsa suna nan, amma likitansa John Harlow ya rubuta cewa natsattsen mutumin nan ya koma mai ashar, mara haƙuri, mai ɗaukar shawara ya watsar nan take, har masu aikin suka ƙi mayar da shi kan muƙaminsa. Saboda haka yaron da ya faɗo daga babur ba hular kwano, ya tashi ya koma zagin iyayensa da ɓarnatar da jarinsa, bayan goshinsa ya kamata a fara bincika kafin a ce an yi masa sammu.

Za a ce ai shanyewar ɓarin jiki sai an ga hannu ya saki ko baki ya karkace. Ba haka ba ne. Jijiyar da ke ciyar da wurin fahimtar magana tana iya toshewa ita kaɗai, ta bar wurin motsi. Mutum na tafiya da ƙafarsa, ƙwaƙwalwarsa na mutuwa. Za a kuma ce likitoci na raina addu'a. Babu wanda ya hana addu'a. A yi ta a mota, a yi ta a bakin gado. Abin da muke ƙi shi ne a kulle mutum a ɗaki da hayaƙi lokaci na ƙurewa, alhali allurar da ke narkar da gudan jini ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi da farawar ciwon. Masu cewa hoton da tsada, allurar ma ba kowane asibiti ke da ita ba, sun faɗi gaskiya. Amma ko babu ita, a asibiti ne za a auna sukari, domin faɗuwarsa ma na kawo irin wannan ruɗewa, a daidaita jini a hankali, a gwada haɗiya kafin a ba shi ko cokalin ruwa, a fara gashi da koyon magana da wuri. Kuɗin ragon da ake yankawa da na masu tofi kuwa ba a taɓa lissafa su.

Masu kemis, ku ji tsoron Allah. Wanda maganarsa ta rikice farat ɗaya ba majinyacinku ba ne. Kada ku ba shi asfirin kafin hoto, don idan jijiya ce ta fashe ƙara masa zubar jini kuka yi. Kada ku yi masa allurar barci.

Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai ta baki. Ba rubutu, ba koko, ba man zaitun. A lura da ƙarfe nawa abin ya fara, don shi likita zai soma tambaya. Kuma a daina zaginsa ko tattauna shi a gabansa kamar ba ya nan. Da yawansu suna ji, amsar ce ta gagara.

Duk wanda magana, hali ko tunaninsa ya sauya farat ɗaya, musamman mai hawan jini, mai ciwon sukari ko wanda ya bugu a kai, a kai shi asibiti a wannan sa'ar, ba gobe ba.