Hutu a Gida da Yaro Mai Tatata: Wa Ke Kallonsa?

Tun da kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin man fetur a 2023, iyalai da yawa a Tambuwal da Kebbe sun rage kwasar yara zuwa Sakkwato ko Jega idan hutu ya zo. Ga kuma hanyoyin da ba a son dare ya riski mutum a kansu. Sai a yi hutun a gida, dangi na kusa su zo a sha hira. A matsayina na ma'aikaciyar lafiya, wannan ya yi mini daɗi. Ɗan shekara biyu ba ya ƙaruwa da komai a tafiyar kusan kilomita ɗari cikin cunkoson mota, in ban da kuka da zufa.

Sai dai a makon hutu ne nake ganin abin da ke tayar mini da hankali.

Wata Babbar Sallah, bayan azahar, wata uwa ta shigo mana a guje, ko mayafin kirki babu, yaronta yana tari, rigarsa tana warin kananzir. An zuba kananzir ɗin ne a robar lemo aka ajiye kusa da murhu, shi kuwa ya ga irinta a hannun yayyensa tun safe. Ta ce da ni, "Malama, wallahi mun fi mu goma a tsakar gida." A nan matsalar take. Kowa ya ɗauka wani ne ke kallonsa. Kafin su iso, kakarsa ta ɗura masa manja don ya yi amai, da kyakkyawar niyya. Amma aman ne ke tura kananzir cikin huhu. Mun tura shi babban asibiti, ya yi kwanaki, Allah ya ba shi lafiya. Idan haka ta faru, kada a ba yaro manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A cire masa rigar, a taho da shi nan take.

Shi ya sa nake cewa shirin hutu ya fara da durƙusawa. Ki durƙusa daidai tsayin yaron, ki zagaya gidan da ido. Za ki ga bokitin wanki da aka bari da ruwa, wanda ya isa ya halaka yaron da ya faɗa ciki da ka, kuma ba za a ji ihunsa ba. Za ki ga rijiya babu murfi, garwashin da aka gasa nama, wuƙar layya, maganin hawan jinin Inna a ƙarƙashin matashi, ga maganin feshin gona idan damina ce. Gyaɗa da aya da alewa mai tauri kuma suna shaƙe irin waɗannan yara.

Sannan a ambaci sunan mai kallonsa. In za ki shiga madafa, ki ce, "Yaya, ga shi nan a hannunki," ta amsa kafin ki juya. 'Yar shekara shida ba mai reno ba ce, ita ma wasa ke gabanta. Maigida, kai ma hutun ya ba ka dama, karɓi naka rabon.

Abin da zai faranta masa ba shi da tsada. Da sanyin safiya ko bayan la'asar a fita da shi bakin fadama, hannunsa cikin naka, ya ga shanu da jakuna da balbela. Tsakar rana a bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40, inuwa da ruwan sha kawai yake bukata. A gida, ƙwarya da ludayi da gwangwani sun ishe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan shekara biyu kada ya wuce awa ɗaya a yini, kuma su samu barcin awa 11 zuwa 14. Rigimar da ake cewa ta baƙi ce, yawanci barcin rana ne aka hana shi.

Zaman gida yana da wata riba. Masu raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, da ke bi gida gida kowane wata, za su same shi. Ku kuma ɗauko katinsa ku duba: allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15, an yi duka? A ajiye ORS da zinc saboda gudawa, don naman Sallah da ƙuda ba sa rabuwa.

Iyaye, don Allah yau ɗin nan ku nemo robar kananzir ɗin, ku ɗaga ta inda hannunsa ba ya kaiwa.