Daga Nitson Matan Fada Zuwa Kwamfutar Nitso

Duk ɗalibin da ya tashi a Alelu ko Jega, kusa da Gulbin Zamfara, ya san yadda masunci kan ja numfashi ya nitse, jim kaɗan ya ɓullo lafiya lau. Haka kuma ake gani a kogin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934. Babu mai ɗaura wata na'ura a hannu. To, me ya sa mai nitso da tukunyar iska a baya, kamar masu yawon buɗe ido a Bahar Maliya, ba ya shiga ruwa sai da ƙaramar kwamfuta ɗaure a tsintsiyar hannu? Amsar tana cikin darussa biyu na kimiyya.

Darasi na farko: danniyar ruwa

Iskar da ke kewaye da mu tana danna jikinmu da wani nauyi, wanda za mu kira awo 1. Duk mita 10 da mutum ya nitsa cikin teku, sai a ƙara masa awo 1. Wato a mita 10 awo 2 ne, a mita 30 kuwa awo 4. A 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan danniya ta ninka, girman iska yakan koma rabi.

Alal misali, masunci ya nitse da lita 6 ta iska a huhunsa. A mita 10 za ta tsuke ta koma lita 3, in ya taso ta dawo 6 ɗinta. Amma mai tukunya yana cika huhunsa ne a can ƙasa. In ya cika lita 6 a mita 10, ya riƙe numfashi ya taso, za ta nemi zama lita 12, abin da kan yaga huhu. Shi ya sa dokarsa ta farko ita ce kada ya kuskura ya riƙe numfashi.

Darasi na biyu: naitirojin cikin jini

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, kuma jiki ba ya amfani da ita. A 1803 William Henry ya gano cewa gwargwadon ƙarfin danniya, gwargwadon yawan iskar da ke narkewa cikin ruwa. Jini ma ruwa ne. Masuncin gulbi numfashi ɗaya ya tafi da shi, ruwan ba zurfi can, bai kuma daɗe ba. Mai tukunya kuwa yakan yi rabin awa yana shaƙa, naitirojin na ta taruwa a jikinsa.

Ku dubi kwalbar lemo. Kafin a buɗe ta ba a ganin komai. Da an fizge murfin sai kumfa ta taso. Haka jinin wanda ya taso da gaggawa kan yi. Kumfar takan maƙale a gaɓoɓi ko laka, ta jawo ciwo mai tsanani, ko shanyewar jiki, ko ma ajali. Paul Bert na Faransa ne ya tabbatar da wannan a 1878. A 1908 John Scott Haldane ya tsara jadawalin tasowa daki-daki. Wani jadawali da ake koyarwa da shi ya ba mai nitso minti 56 a mita 18, amma minti 20 kacal a mita 30.

Aikin kwamfutar

Jadawali yana ɗauka cewa mutum ya zauna a wuri mafi zurfi tun daga farko har ƙarshe, alhali mai nitso hawa da sauka yake yi. Kwamfutar nitso, wadda ta fara yaɗuwa daga 1983, tana auna danniya da lokaci a kai a kai, ta lissafa naitirojin da ake zaton ta shiga jiki, ta nuna mintin da suka rage. Da yawansu suna bin lissafin Albert Bühlmann na birnin Zurik.

Abin dubawa wajen zaɓe

1. Fuska mai manyan lambobi da haske, domin ruwa irin na gulabenmu da damina gurɓatacce ne.
2. Ƙararrawar gargaɗi in saurin tasowa ya wuce kimanin mita 10 a minti, da ƙidayar tsayawar minti 3 a mita 5.
3. Damar zaɓen ruwan daɗi ko na gishiri, tunda na teku ya fi nauyi da kusan kashi 3 cikin 100.
4. Gyaran tudu: wurin da ya haura mita 300 sama da teku, kamar Jos, yana bukatar lissafi dabam.
5. Damar tsananta lissafi, saboda mai shekaru, mai ƙiba ko gajiyayye.
6. Batir da ake iya canzawa ko cajawa a inda mutum yake.

Tsada ba ita ce aminci ba. Mai nitson nishaɗi, wanda iyakarsa mita 40 ce, bai bukatar ta ƙwararru. Kuma mutum biyu ba sa tarayya a kwamfuta ɗaya, domin kowa da nasa nitson. A tuna dai cewa na'urar ba jini take aunawa ba, kirdado take yi da lissafi. Ba ta san ko mai ita ya sha ruwa isasshe ba, ba ta kuma maye gurbin horo a hannun malami. Ko bayan fitowa akan jira aƙalla awa 12 kafin shiga jirgin sama, ko 18 in an yi nitso fiye da ɗaya.

Aikin aji

Malam ya sa ɗalibai su toshe bakin sirinji marar allura da yatsa, su danna iskar daga 10 zuwa 5. Danniyar mita nawa ke nan a teku? Sannan su lissafa: balan-balan mai lita 2 da aka hura a mita 30, lita nawa za ta zama in ta iso sama?