Mushen kan kwalta da ɗan ungulu a sheƙa

Aikina duba lafiyar dabbobi ne, kuma hanyar Gumel zuwa Sule Tankarkar da ta Gumel zuwa Maigatari su ne hanyoyina na kullum. Duk mai bin su ya san yadda suke kwana bayan kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis: akuyar da babbar mota ta take, karen da aka banke cikin dare, wani lokaci jaki ko tunkiyar da ta mutu a mota aka wurgo ta gefen titi. Mai dabba ya yi asara, an yi masa jaje, an watse. Mushen kuwa yana nan a kan kwalta, kuma shi ne yake jawo mutuwa ta biyu, wadda ba mai lissafa ta.

Ungulu, shirwa da hankaka duk suna sauka a kansa. Hankaka da shirwa suna da zafin nama, sukan tsere. Ungulu idan ta ƙoshi nauyi take yi, sai ta yi ɗan gudu a ƙasa tana kaɗa fukafukai kafin ta ɗaga. Motar da ta taho a guje ba ta ba ta wannan lokacin.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan yana faruwa da rani, daidai lokacin da ungulu take kan sheƙa a saman doguwar bishiya. Ƙwai ɗaya tak take yi. Uwa da uba suna karɓa-karɓa wajen kwanci kusan kwana 50, sannan su shafe wata uku zuwa huɗu suna ɗauko abinci a maƙoshi suna amayar wa ɗan kafin ya iya tashi. Idan mota ta kashe ɗaya, wanda ya rage dole ya zaɓa: ya zauna ya kare ɗan daga rana da hankaki su kwana da yunwa, ko ya fita nema ya bar shi ba mai gadi. Sau da yawa ɗan ba ya kai labari. Haihuwar shekara guda ke nan ta tafi, a tsuntsun da tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Ku tambayi dattawan mahauta yadda ungulu ke cika mayanka a da, ku duba yau.

Ko a Amurka, gaggafa mai farin kai da suke alfahari da ita, karo da mota a wurin cin mushe yana cikin manyan abubuwan da ke kashe ta.

Akwai abin da ya fi mota muni. Wasu kan barbaɗa maganin ƙwari na gona a kan mushe don kashe karnukan da suka addabe su ko dila. Tsuntsun da ya ci ko dai ya faɗi nan take, ko ya kai gubar sheƙa ya ɗura wa ɗansa. A Gini Bisau a 2020, ungulu fiye da 2,000 suka mutu ta hanyar guba, akasari don a sayar da kawunansu ga masu tsibbu. Indiya ta rasa fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulunta saboda maganin diclofenac da ake yi wa shanu, har ta hana shi a 2006. Kafin nan mushe ya taru, karnuka sun yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Mu da muke maƙwabtaka da babbar kasuwar dabbobi ba mu da hujjar ganin wannan ya yi mana nisa.

Roƙona ga direbobi, musamman na manyan motoci da masu Sharon: in kun hango tsuntsaye a kan titi, ku sassauta, ku danna hon tun daga nesa. Ga mutanen ƙauyukan bakin hanya da masu unguwanni: a janye mushe daga kwalta da igiya ko sanda, ba da hannu ba, a kai shi can cikin fili nesa da titi da rijiya. Dabbar da mota ta kashe, tsuntsaye za su share ta. Wadda ta mutu ana cikin yi mata allura ko ba ta magani, a binne ta da zurfi. Wadda ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta, kada a ja ta; yana iya zama ciwon saifa, wanda ke kama mutum. A tsare wurin, a kira malamin dabbobi na ƙaramar hukuma.