Ciyar da agwagi a lokacin ɗari

Jama'a, da damina kiwon agwagwa ba shi da wuya. Da safe sai ta kama hanyar tabki. Can take samun ƙwari da tsutsa da ƴan kwaɗi da ɗanyar ciyawa. Da marece ta komo gida a ƙoshe.

Amma daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu abin ya sake. Ƙananan tabkuna na ƙasar Arewa suna ƙafewa. Ciyawa ta bushe, ƙwari sun yi ƙaranci, ga sanyin dare. Jikin agwagwa yana ƙara neman abinci don ya yi ɗumi, ga shi kuwa babu abin tsinta. To, yanzu cikinta yana hannunku. In kun bar ta, sai ta rame, ta daina ƙwai, ƴaƴanta su yi ta mutuwa.

Mi za ku ba ta? Ba sai kun taɓa rumbu da yawa ba. Abinci iri uku take so.

Na farko, mai ba da ƙarfi: dussar hatsi, tsakin dawa, da sauran tuwo wanda bai lalace ba. Ƙaiƙayi kam ba abinci ba ne.

Na biyu, mai gina jiki: wake, tunkuzar gyaɗa marar gishiri, gara da fara. Waken da ya farfashe wajen sussuka ya isa, amma ku dafa shi ko ku soya shi tukuna. Ɗanyen wake yana hana abinci amfani a cikinta.

Na uku, ɗanyen ganye. Tun bayan farin 1984 aka ƙarfafa noman rani a Nijar. Cikin fadamar Dallol Mauri, daga Matankari da Dogondutsi har Kore Mai Ruwa da Tibiri, akwai lambuna lokacin ɗari. Ganyen salati da na kabeji da masu lambu ke zubarwa, ku kwaso, ku wanke, ku yayyanka. Ganyen zogale ma yana da kyau ƙwarai.

Ga yadda za ku haɗa: awo 3 na dussa, awo 1 na tsakin dawa, awo 1 na wake ko tunkuza. Ku zuba ganye a bisa. Ga masu yin ƙwai, ku ƙara ɗan garin ɓawon ƙwai ko na ƙashin da aka ƙona aka daka. Babbar agwagwa tana cin kusan giram 150 a yini. Ke nan agwagi 10 na bukatar kilo 1 da rabi. Ku raba shi biyu, safe da marece.

Ku lura da wannan: agwagwa ba kaza ba ce. Da ruwa take haɗiye abinci, busasshiyar dussa tana shaƙe ta. Ku jiƙa dussar, ku aje kwanon ruwa kusa, mai zurfin da za ta tsoma kanta. Ƴan ƙanana kuwa a ba su faranti marar zurfi, don in sun jiƙe sanyi na kashe su. Ku shimfiɗa musu busasshiyar ciyawa inda iska ba ta bugu.

Kada ku ba su gyaɗa ko masara mai hunhuna. Gubar da ke ciki tana lalata hanta, kuma ta fi saurin kashe agwagwa da kaza. Jiƙaƙƙen abincin da ya kwana, a zubar, a wanke kwano.

Agwagwar da ta ƙoshi da ɗari ita ke yin ƙwai da yawa, ta jure kwancin kwana 35. Ran da bukata ta taso, ta magani ko ta suna, ita za ku kai kasuwa.

Tambayoyi
1. Don mi agwagwa ke ramewa da ɗari?
2. Agwagi 20, kilo nawa za su ci a yini?
3. A garinku, ina za ku samu ɗanyen ganye?