Abin da hazo yake ɗauke da shi

Lokacin hunturu, hazo yana rufe Magariya da Dungas. Ƙura tana sauka bisa tebur da allo. Ko kun san abin da ke cikinta?

Ku tafi bakin tabki a kwarin Korama, ku ɗauko dutse daga cikin ruwa. Za ku ji yana da santsi. Cikin wannan santsi akwai ƙananan halittu, dangin gansakuka. Da Faransanci ana ce musu diatomées. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin ƙara girma. Kowace tana cikin ɓawo mai kama da akushi da murfinsa. Ɓawon na sinadarin da ke cikin rairayi ne, shi ya sa ba ya ruɓewa. Kowane iri da zanensa, kamar zanen ƙwarya.

Shekara wajen 7000 da suka wuce, tabkin Cadi ya fi na yau girma nesa ba kusa ba. Da ya janye, sai ya bar ɓawon waɗannan halittu jibge a kwarin Bodele, a arewacin Cadi. Iskar hunturu tana kwaso shi ta kawo mana.

A shekara ta 1832, Charles Darwin, mutumin Ingila, ya tara ƙurar da ta sauka bisa jirgin ruwansu kusa da tsibiran Kap Ber. Ya aika wa Ehrenberg, wani masani a Barlin, ƙulli 5 na irin wannan ƙura. Ehrenberg ya sami iri 67 na ƙananan halittu da ɓarɓashin tsirrai. Halittun nan, ban da iri 2, duk na ruwan daɗi ne. Ashe iska ce ta kai su teku.

Har yau kayan Ehrenberg suna ajiye a gidan tarihi na Barlin. In masani ya ga ɓawon da bai sani ba, sai ya auna shi, ya ƙidaya zanensa, ya gwada da na tsohuwar ajiya. In ba a taɓa bayyana irinsa ba, sai ya raɗa masa suna. Amma ƙullin da ba a rubuta inda aka samo shi ba, amfaninsa kaɗan ne.

Aiki
Ku tara ƙurar hazo cikin takarda. Ku rubuta sunan garinku da kwanan wata, ku ba malam ya ajiye.

Tambayoyi
1. Me ya sa ɓawon ba ya ruɓewa?
2. Daga ina iska take kawo mana shi?
3. Me masani yake yi kafin ya raɗa suna?