Darasin Wannan Wata: Daga Littafin Kanti Zuwa Kwamfuta

Unguwar Malali tana cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa. Akwai ƙananan kantuna da yawa a cikinta, masu sayar da shinkafa, sukari, sabulu da man gyaɗa. Ma'aikata sukan ɗauki kaya bashi, sai ƙarshen wata su biya. Saboda haka littafin bashi rabin jarin mai kanti ne. In ruwa ya jiƙa shi, ko gara ta ci shi, kuɗi sun salwanta.

A farkon shekarar 2023, lokacin canjin kuɗi, takardun naira sun yi wuyar samu. Jama'a suka koma biya ta waya da na'urar POS. Sai kuɗi su shiga banki, amma littafi yana nuna ba a biya ba. Daga nan gardama take tashi tsakanin mai kanti da maƙwabcinsa. Kwamfuta tana maganin wannan, in an shirya mata.

Ga matakan shiri:

1. A fara gyara littafin. A kira kowane mai bashi, a yi lissafi tare, a amince da abin da ya rage. Abin da aka zuba wa kwamfuta shi take mayarwa. In an zuba kuskure, kuskure zai fito.

2. A ƙirga kayan kanti duka a rana ɗaya, a rubuta yawansu da farashinsu.

3. A fara da abu guda, wato bashi. Manhaja irin su Excel ta isa. Layi huɗu ake bukata: suna, kwanan wata, abin da aka ɗauka, abin da aka biya.

4. A yi lissafin kuɗin na'ura, da na koyo, da na gyara. A tanadi batir ko sola saboda ɗaukewar wuta.

5. A koya wa mutum biyu, kada aiki ya tsaya ranar da yaron kanti ya yi tafiya. Lambar sirri kuwa ta zauna wurin mai kanti.

6. A riƙa kwafe bayanai kowace Juma'a, a ajiye a gida. Gobarar Kasuwar Sabon Garin Kano ta watan Maris 2016 ta cinye shaguna masu yawa cikin dare ɗaya, kuma wuta ba ta ƙyale kwamfuta.

7. A ci gaba da rubutu a littafi har wata uku, ana gwada shi da kwamfuta kowane ƙarshen wata. Sai lissafin ya zo daidai sannan a ajiye littafin. Kada a saki reshe a kama ganye.

Tambayoyi

1. Me ya sa za a gyara littafi kafin a sayi kwamfuta?
2. Ina ya kamata a ajiye kwafin bayanai?
3. Wani ya ɗauki kayan naira 18,500, ya biya 7,000 ta waya. Nawa ya rage?