Kiɗan Ƙwaƙwalwa da Sanin Hanya

Ɗalibai, ku rufe idanunku, ku bi hanyar da ta taso daga ƙofar gidanku zuwa makaranta. Za ku ga wurare suna zuwa muku ɗaya bayan ɗaya: ga famfo, ga mai ƙosai, ga kwanar da kuke sha. Me ya hana su zo a cakuɗe?

Ƙwaƙwalwa tana aiki da ɗan ƙaramin lantarki, wanda yake hawa yana sauka bisa tsari, kamar kiɗa. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara auna shi a jikin mutum a 1924. Kiɗan iri-iri ne. Wanda ya shafe mu ana ce masa "tita", yana bugawa kimanin sau 4 zuwa 8 a sakan guda. Yana da ƙarfi a wani lanƙwasasshen sashe da ke can cikin kai, daura da kunne, mai suna hifokamfus.

A 1971, a Landan, John O'Keefe ya gano cewa a wannan sashe akwai ƙwayoyin da kowacce take da nata wuri. Ɓera ya yi gwajin da shi. Idan ɓeran ya isa bakin ƙofa, wata ƙwaya ta motsa. Ya kai lungu, wata dabam ta karɓa. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 2014.

To, a nan kiɗan ya shigo. Yayin da ɓera yake gudu, a cikin kowane bugu guda ƙwayoyin suna motsawa a jere: ta wurin da ya baro, sai ta inda yake, sannan ta inda ya dosa. Ku tuna da 'yan rawa. In babu ganga, kowa zai ɗaga ƙafa lokacin da ya ga dama. A ganina, wannan ne abu mafi ban mamaki a darasin nan.

Mutum fa? An ga irin wannan kiɗa a ƙwaƙwalwar masu ciwon farfaɗiya, waɗanda likitoci suka sa wa siraran wayoyi a kai domin neman tushen ciwon. Da aka ba su wasan neman hanya a kwamfuta, sai tita ya bayyana.

Sashen da yake riƙe hanya shi ne kuma yake taimaka wa mutum ajiye abin da ya faru da shi. A 1953, a Amurka, an cire wa Henry Molaison mafi yawan hifokamfus ɗinsa. Ya ci gaba da tuna ƙuruciyarsa, amma sabon abu ba ya zama masa. Cutar mantuwa ta Alzheimer ma tana taɓa wannan yanki tun da wuri. Shi ya sa dattijo kan ɓata a unguwar da ya shekara hamsin a ciki. Irin wannan dattijo likita yake bukata.

Aiki: Ku rubuta jimloli biyar da Hausa, ku kwatanta hanyar gidanku daga makaranta, kuna amfani da "da farko", "sai" da "daga nan".